Ciwon mafitsara mai naci: raɗaɗin da awon fitsari ba ya nunawa

Akwai wani ciwon mara da ke hana miliyoyin mutane barci a sassa daban-daban na duniya, wanda alamunsa ke kama da na cutar da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa a mafitsara, amma idan aka auna fitsarin mai fama da shi ba a samun ƙwayar cuta ko ɗaya.

Likitoci na kiransa ciwon mafitsara mai naci. Tsohon sunansa, wanda har yanzu ake amfani da shi a asibitoci da dama, shi ne intastishiyal sistaitis.

Saboda wannan kamanni, masu fama da shi kan yi shekaru suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da samun sauƙi ba. Wasu kuma a ƙarshe sai a ce musu lafiyarsu ƙalau, tunani ne kawai ya yi musu yawa. Sai dai binciken da aka gudanar cikin shekaru arba'in da suka gabata ya tabbatar da cewa ciwo ne na haƙiƙa, kuma ko da yake ba a kai ga samun maganin da ke kawar da shi baki ɗaya ba, akwai hanyoyin da ke rage shi matuƙa ga akasarin majinyata.

Yadda yake bayyana

Mafitsara wata jaka ce ta tsoka da ke ƙasan mara, wadda ke tara fitsarin da ƙoda ke tacewa. A jikin baligi mai lafiya tana ɗaukar kimanin rabin lita, kuma galibin mutane ba sa wuce fitsari sau 8 a yini da dare. Cikarta ba ta zuwa da zafi, illa dai mutum ya ji alamar cewa lokacin zagayawa ya yi.

Ga mai wannan ciwo kuwa, cikar mafitsarar ita ce azabar. Da zarar fitsari ya fara taruwa sai ya ji nauyi, ko zogi, ko raɗaɗi a mara. Idan ya yi fitsari sai ciwon ya ɗan lafa, bayan 'yan mintoci kuma ya dawo. Don haka yawan zagayawar da yake yi neman sauƙin raɗaɗi ne, ba tsoron kada fitsari ya kuɓuce masa ba. Wannan ne ya bambanta shi da lalurar yoyon fitsari, da kuma ta kasa riƙe fitsari.

Cibiyar binciken cututtukan sukari da hanji da ƙoda ta gwamnatin Amurka ta ce waɗanda ciwon ya yi wa tsanani kan iya yin fitsari har sau 60 a rana guda. Irin waɗannan ba sa samun barcin kirki, kuma doguwar tafiya a mota ko zama a aji ko wurin aiki kan zame musu abin fargaba.

Raɗaɗin na iya bazuwa zuwa ƙugu, da baya, da cinyoyi, da al'aura. Mata da yawa kan ji zafi lokacin saduwa ko bayanta, kuma ciwon kan ƙaru gab da zuwan al'ada. Maza kan ji shi a maraina, ko tsakanin maraina da dubura, ko lokacin fitar maniyyi. Haka nan ciwon yana da tashi da kwanciya: yakan yi makonni yana ci, sannan ya lafa na wani lokaci.

Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce ana zargin wannan ciwo ne idan alamun sun wuce makonni 6, kuma bincike bai gano ƙwayar cuta ko wani dalili na daban ba. Masana na Turai kuwa sukan jira sai alamun sun kai watanni 6.

Daɗaɗɗen ciwo da aka daɗe ana musantawa

Ba sabon ciwo ba ne. Tun a shekarar 1836 wani likita a birnin Filadelfiya na Amurka, Joseph Parrish, ya ba da bayanin majinyatan da ke fama da matsanancin ciwon mafitsara alhali babu tsakuwa a cikinta. A shekarar 1887 likitan mata Alexander Skene ya laƙaba masa sunan intastishiyal sistaitis. Daga bisani, a 1915, Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya wallafa bayanin wasu jajayen miki da ya gani a bangon mafitsarar wasu mata. Har yau ana kiran wannan miki da sunansa.

Sai dai gano mikin ya zo da nasa cikas. Likitoci suka ɗauka cewa duk wanda ba a ga mikin a mafitsararsa ba to ba shi da ciwon, alhali kuwa ƙalilan ne ke da shi. A Amurka an fi ƙiyasta su da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na majinyata. Sauran, waɗanda akasarinsu mata ne, sai aka riƙa danganta kukansu da damuwa. Har zuwa shekarun 1970 akwai littattafan koyar da likitoci da ke sanya ciwon cikin jerin lalurorin da tunani ke haifarwa.

Al'amura sun fara sauyawa ne a 1984, lokacin da Vicki Ratner, wadda ciwon ya kama tana ɗalibar likitanci, ta kafa ƙungiyar majinyata a Amurka. A 1987 hukumomin binciken lafiya na ƙasar suka shirya taron da ya fitar da sharuɗɗan tantance ciwon domin bincike. A 2008 kuma masana na Turai suka ba da shawarar a riƙa kiransa ciwon mafitsara mai naci, tun da raɗaɗi shi ne ginshiƙinsa, kuma ba kowane majinyaci ne ake samun kumburi a mafitsararsa ba.

Wani babban bincike da cibiyar RAND ta gudanar, wanda aka wallafa a 2011, ya ƙiyasta cewa mata miliyan 3.3 zuwa miliyan 7.9 a Amurka na da alamun ciwon, wato kashi 2.7 zuwa 6.5 cikin ɗari na matan ƙasar. Binciken ya kuma nuna cewa ƙasa da ɗaya cikin goma ne daga cikinsu likita ya taɓa gaya wa sunan abin da ke damunta. Irin wannan bincike a kan maza, da aka wallafa a 2013, ya nuna cewa su ma ciwon na kama su fiye da yadda ake zato.

Mene ne musabbabinsa?

Masana sun fi karkata ga cewa abubuwa da dama ne ke haɗuwa, kuma sukan bambanta daga wani majinyaci zuwa wani.

Na farko shi ne lalacewar shimfiɗar cikin mafitsara. Bangon mafitsara na da wani siririn rufi mai santsi da ke hana gishirin da ke cikin fitsari, musamman sinadarin fotashiyam, taɓa tsoka da jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa. Idan rufin ya yi rauni, fitsari kan ratsa ya ƙona su, kamar yadda ruwan gishiri ke yi wa sabon rauni.

Na biyu shi ne garkuwar jiki. A wajen masu mikin Hunner ana samun kumburi na zahiri da tarin ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon mafitsara. Wannan ya sa masana da dama, musamman a Japan da Turai, ke kallon wannan nau'i a matsayin cuta mai zaman kanta.

Na uku shi ne jijiyoyi. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙo daga mafitsara zuwa laka da ƙwaƙwalwa kan ƙara kaifin ji, har ɗan fitsari kaɗan ya riƙa isa ƙwaƙwalwa a matsayin raɗaɗi. Wani shirin bincike da Amurka ta ƙaddamar a 2008 ya gano cewa kimanin uku cikin huɗu na masu ciwon mara mai naci suna jin ciwo a wasu sassan jiki ban da mara. Shi ya sa ake yawan samun wannan ciwo tare da ciwon hanji mai naci, da ciwon gaɓoɓi da tsoka, da yawan gajiya.

Na huɗu shi ne tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. A jikin majinyata da yawa tsokokin kan ɗaure su ƙi saki, su ma su koma wata mahaifar ciwo.

Damuwa da ɓacin rai na iya tayar da ciwon, amma ba su ne ke haifar da shi ba. Kazalika ba a ɗaukarsa ta hanyar jima'i ko banɗaki, kuma ba ya rikiɗa ya zama sankara.

Ba kowane ciwon mara ne sanyi ba

A ƙasar Hausa kusan duk wani ciwon mara, ko zafin fitsari, ko ƙaiƙayi, sunansa guda ne, wato sanyi. Sau da yawa kuma matakin farko shi ne zuwa kemis a sayi ƙwayoyi ko a yi allura, ko kuma a nemi jiƙo da sassaƙe, ba tare da an yi awo ba.

Wannan ɗabi'a na da haɗari ta fuska biyu. Idan ciwon mafitsara mai naci ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai yi komai ba, domin babu ƙwayar da zai kashe. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta hana ba wa masu wannan ciwo irin waɗannan magunguna na dogon lokaci. Shan su barkatai na sa bakteriya su bijire wa magani. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Idan kuma wata cuta ce ta daban, to jinkirin zuwa asibiti na ba ta damar yin illa. Babbar misali ita ce tsargiya, wadda wasu tsutsotsi da ake ɗauka a tafkuna da madatsun ruwa da gonakin rani ke haddasawa. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma Najeriya na daga cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ƙwan tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara, ya jawo fitsarin jini da ciwon mara da yawan fitsari, kuma idan aka bar shi yana iya lalata ƙoda ko ya kai ga sankarar mafitsara. Alhali kuwa maganinta, firazikwantel, mai sauƙi ne, kuma ana rarraba shi kyauta ga 'yan makaranta a wurare da dama.

Sauran cututtukan da ke kwaikwayon wannan ciwo sun haɗa da tarin fuka idan ya sauka a ƙoda da mafitsara, da tsakuwa, da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, da ciwon sukari, da sankara, da lalurorin mahaifa. Ga maza akwai kumburin furosteti, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin mafitsara. Tun 2007 kuma likitoci suka lura cewa shaye-shayen ƙwayar ketamin na lalata mafitsara ta irin wannan siga.

Yadda likita ke gano shi

Babu wani gwaji guda da ke tabbatar da ciwon. Likita kan kai gare shi ne bayan ya kawar da sauran. Yakan fara da sauraren tarihin majinyaci, sannan ya duba mara da tsokokin ƙasan ƙugu. Daga nan sai awon fitsari, da shuka shi a ɗakin gwaje-gwaje domin ganin ko bakteriya za su tsiro. Ga wanda ya taɓa wanka ko aiki a ruwan tafki, wajibi ne a nemi ƙwan tsargiya, kuma an fi samunsa a fitsarin tsakar rana.

Akan kuma buƙaci majinyaci ya rubuta, na kwana 2 ko 3, duk lokacin da ya yi fitsari da yawan abin da ya fita. Mai wannan ciwo kan yi fitsari sau da yawa amma kaɗan-kaɗan.

A wasu lokuta likita kan leƙa cikin mafitsara da wani siririn bututu mai kyamara. Wannan na da muhimmanci idan akwai jini a fitsari, ko majinyacin na shan taba, ko ya haura shekara 50, domin ta haka ne ake ganin mikin Hunner, kuma ake tabbatar da cewa babu sankara.

Matakan neman sauƙi

Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar a 2011, ta kuma sabunta a 2022, sun nuna cewa babu magani guda da ke yi wa kowa aiki. Akan zaɓa ne gwargwadon nau'in ciwon, kuma galibi akan haɗa hanyoyi biyu ko uku.

Mataki na farko yana hannun majinyaci. A wani bincike da aka wallafa a 2007, kimanin kashi 90 cikin ɗari na majinyatan da aka tambaya sun ce wasu abinci da abin sha na tayar musu da ciwon. Waɗanda aka fi ambata su ne kofi, da shayi, da lemon kwalba, da barasa, da lemon zaƙi da na tsami, da tumatir, da barkono, da sukarin roba. Goro ma na ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin kofi, don haka ya kamata a sa masa ido, tare da yaji da abubuwan sha masu tsami. Ba a buƙatar mutum ya haramta wa kansa komai. Abin da ake so shi ne ya daina waɗanda yake zargi na 'yan makonni, sannan ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har ya gane waɗanda ba sa yi masa.

Kuskuren da majinyata da yawa ke yi shi ne rage shan ruwa don gudun fitsari. Hakan na sa fitsarin ya yi kauri, ya ƙara ƙuna. Ya fi dacewa a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a tsawon yini, a rage idan dare ya yi. Gasa mara da ruwan ɗumi, da guje wa taurin bayan gida, da barin taba duk na taimakawa. Idan raɗaɗi ya lafa, akan horar da mafitsara ta hanyar ƙara 'yan mintoci tsakanin fitsari da fitsari.

Ga waɗanda tsokokinsu suka ɗaure, akwai tausa ta musamman da ƙwararrun sashen fisiyo ke yi. A wani gwaji da aka wallafa a 2012 a Amurka, kashi 59 cikin ɗari na matan da aka yi wa wannan tausa sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 26 na waɗanda aka yi wa tausar jiki ta gama-gari. Atisayen matse tsoka da ake koya wa mata bayan haihuwa kuwa bai dace da su ba, domin yana ƙara ɗaurewar.

Daga cikin magungunan sha akwai amitiriftilin. Asalinsa maganin baƙin ciki ne, amma idan aka ba da shi kaɗan yana kwantar da jijiyoyin ciwo kuma yana taimaka wa barci. Yakan jawo bushewar baki da kasala, don haka likita kan fara da ƙaramin awo ya riƙa ƙarawa a hankali. Ana kuma amfani da haidiroksizin da simetidin.

Akwai kuma fentosan, wanda ake sayarwa da sunan Elmiron, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996. A 2018 likitocin ido na jami'ar Emory suka ba da rahoton cewa shan sa na shekaru na iya lalata tsakiyar tantanin ido, kuma a 2020 aka ƙara wannan gargaɗi a takardar maganin. Duk mai shan sa na buƙatar awon ido lokaci-lokaci.

Magunguna masu sa maye irin su taramadol ba mafita ba ne, domin ciwon na dogon lokaci ne kuma jiki kan saba da su.

Wata hanyar ita ce zuba magani kai tsaye cikin mafitsara ta robar fitsari. Akan yi amfani da ruwan DMSO, wanda Amurka ta amince da shi tun 1978, kuma yakan bar warin tafarnuwa a numfashi na ɗan lokaci, ko kuma haɗin hefarin da maganin kashe zafi na lidoken.

Masu mikin Hunner su ne suka fi samun sauƙi cikin hanzari, domin akan ƙona mikin ko a yi masa allura ta bututun kyamara. Sai dai yakan dawo, don haka akan maimaita aikin. Idan duk waɗannan suka gaza, akwai allurar Botox a bangon mafitsara, da dasa wata 'yar na'ura mai daidaita saƙon jijiyoyi, da maganin danne garkuwar jiki. Tiyatar cire mafitsara ita ce ta ƙarshe, ga 'yan ƙalilan, kuma ba kullum take kawar da raɗaɗin ba.

Zaman aure da ibada

Nauyin wannan ciwo bai tsaya a jiki ba. Matar da ke guje wa shimfiɗar mijinta saboda zafi na iya fuskantar zargin ƙiyayya, kuma kalmar sanyi kan jefa zargi tsakanin ma'aurata, ko tsakanin kishiyoyi, game da wanda ya kawo cutar gida. Sanin cewa ba a ɗaukar wannan ciwo daga kowa na iya kashe irin wannan wuta tun ba ta ruru ba. Zai fi kyau miji ya raka matarsa asibiti ya ji bayani daga bakin likita.

Azumi ma na buƙatar shiri, ganin cewa ƙishirwar yini na sa fitsari ya yi kauri. Yana da kyau a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma rage shayi da yaji. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen ajiye azumi ya rama, kuma wanda ciwonsa ya yi tsanani sai ya tuntuɓi likita da malami. Game da jinya kuwa, majalisar fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya robar fitsari da bututun kyamara da maganin da ake zubawa a mafitsara cikin abubuwan da ba sa karya azumi.

Akwai alamun da ba sa jiran gobe: jini a fitsari, zazzaɓi tare da ciwon kwiɓi, kasa yin fitsari, da ramewa ba dalili. Waɗannan na nuni da wata cuta ta daban, kuma suna buƙatar ganin likita nan take.

Ga wanda kuwa ya wuce makonni 6 yana fama da ciwon mara da yawan fitsari, awo kuma ya nuna babu ƙwayar cuta, abin da ya dace shi ne ya nemi a tura shi wajen ƙwararren likitan mafitsara ko na mata, waɗanda ake samu a manyan asibitocin koyarwa. Jinyar na buƙatar haƙuri, domin wasu magungunan kan ɗauki watanni kafin a ga amfaninsu, kuma akan gwada hanya fiye da ɗaya kafin a dace.